Jan Farce a Gilashin Yaya Manu

Na daɗe ina jin ku kuna faɗa a tsakaninku, wai na ƙi zuwa Abuja ne don ina tsoron tsallaka babban titi. Na san wadda ta ƙirƙiro maganar, mahaifiyarku ce, na kuma san wanda ya ƙara mata gishiri har ta kai bakin jikokina. To ni da na yi shekara da shekaru ina tuƙa babur tsakanin Maiyama da Jega da Aliero, a tsakiyar motocin albasa waɗanda ba su da birki sai addu'a, ba titin Abuja ne zai ba ni tsoro ba. Wadda ta sa ni rantsuwar yin shiru ta ɗauke min ita kafin ta rasu, Allah ya jiƙanta. Don haka ga yadda abin ya faru, ku karanta ku bar ni in sha iska.

Lokacin jiharmu tana ɗanya, ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Maiyama. Muna tare da wani malamin kimiyya, Bulus, mutumin Zuru, wanda ke da aboki a ƙasar waje mai aiko masa da faifan kwamfuta ta gidan waya. Shi ya jefa ni cikin wannan wahala ta rubuta manhajar kwamfuta. Abin da nake so ku gane shi ne, mai rubuta manhaja ba shi ke zana maɓallan da kuke dannawa ba. Akwai waɗansu mutane can nesa, ba su san mu ba, ba mu san su ba, su ke ƙera tagogi da maɓallai da ƙananan akwatunan da ke fitowa su tambaye ka, su tara su wuri guda su ce kowa ya ɗiba kyauta. Su masu buga bulo ne, kai naka gini. Allah ya saka musu, amma suna da ciwo guda, ba su iya zama lafiya ba. Kana gama gini sai sabon faifai ya iso, sun gyara wancan, sun sake wannan, sun cire abin da ka jingina a kai. Aikina shi ne in karɓi sabon, in harhaɗa shi a kwamfutata, in ƙunshe shi yadda zai zauna a wata kwamfutar ba tare da ya yi faɗa da abin da ya tarar ba, sannan in sa a faifai in hau babur. Kwamfutoci uku nake kiwo a lokacin, ta makarantarmu, da ta wani ofishin direbobi a Aliero, da ta yayana a Jega.

Ku kun san shi da Baba Manu, garin Jega kuwa Manu Mai Hoto. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni boko alhali shi bai taɓa zama a aji ba, sai ɗan karatun da ya koya wa kansa, kuma bai bari na manta da hakan ba ko sau ɗaya. Tun yana ɗaukar hoto da akwatin nan da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle har ya koma mai fim, ana kai wanki Sakkwato a jira. Mutum ne mai tsayi, mai murya, mai son a ce ya iya. Da samari suka fara buɗe shagunan hoton kwamfuta, kana zaune a ba ka fasfo ɗinka, sai mutane suka fara wuce ƙofarsa suna gaishe shi daga nesa. Na ga abin yana cin sa. Na haɗa masa kwamfuta da kyamara da firinta, na rubuta masa ƙaramar manhaja mai manyan maɓallai. Ka danna guda, kyamara ta ɗauka. Hoton ya fito, akwati ya tambaye ka, a ajiye ko a zubar? Na ajiyewa yana hagu, na zubarwa yana dama. In la'asar ta yi ka danna na ƙasa, ya buga na yinin gaba ɗaya. Kafin wata ya zagayo kasuwarsa ta dawo, kuma duk Jega ta ji cewa shi ya ƙera na'urar, ni kuwa ina zuwa ne ina koyo.

Akwai abubuwan da na gani a shagon ban kawo komai a raina ba. Kujerar da ake zama an kafe ta da ƙusa. Ƙafafun kyamara an zuba musu siminti. Dogo in ya zo, Yaya ya daka masa tsawa ya rusuna, gajere kuma a tura masa matashi. Sannan a jikin gilashin kwamfutar akwai waɗansu jajayen ɗigo masu kauri, nan guda, can guda. Na taɓa kai hannu da ƙyalle zan goge, ya buge min hannu kamar na taɓa masa tuwo.

“Wa yac ce ka taɓa? Kai dai hura ƙura ka tahi.”

Na ɗauka tofin goro ne ya bushe, ko wani abin tsari, don Yaya ba ya rasa irin waɗannan. Na bar su.

Ana nan firintarsa ta mutu murus. Wadda na samo sabuwa ce, kuma tsofaffin kayan da ke cikin kwamfutar ba su san da zamanta ba, dole sai an ɗora sabon ƙunshi. Na zo da safe Yaya ya tafi jana'iza, na ɗora, na ɗauki hoton kaina, na danna inda aka rubuta a ajiye, ya ajiye, na buga, ya fito tas. Na hau babur na koma Maiyama ina jin kaina. Abin da ban lura ba, kuma babu mai hankalin da zai lura, shi ne mutanen can sun zauna sun yi shawara, sun ce daga yanzu maɓallin amincewa a dama zai riƙa zama, na ƙi a hagu. Ba su tambayi kowa a Jega ba. Ni na karanta rubutu na danna, shi ya sa ban ga komai ba.

Washegari ranar kasuwa ce. Mahautan Aliero sun shirya yin katin ƙungiya, suka cika mota suka zo da babbansu, wani mai suna Labbo, ƙato, mai gashin baki. Sun yi wanka, sun sa manyan riguna, sun bar teburansu a hannun yara, abin da mahauci ba ya yi sai da babban dalili. Yaya ya jera su, yana yi wa wannan tsawa ya ɗaga haɓa, wancan ya daina dariya ba biki aka zo ba. Kowa ya zauna ya danna, akwati ya fito, ya kai kibiyar kwamfuta ƙarƙashin jan ɗigon hagu kamar kullum, ya danna. Haka ya yini yana zubar da mahautan Aliero ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa, yana cewa na gaba ya shigo. Da la'asar suka dawo daga cin kasuwa, ya danna na bugawa, firinta ta yi shiru. Babu ko kunnen mutum guda a ciki.

Ban ga wannan da idona ba. Matarsa, Kulu, ita ta ba ni labari, don shagon a jikin zauren gidan yake, kuma ba abin da ake faɗa a ciki bai shiga kunnenta ba. Ta ce Labbo ya tsaya a tsakiyar shago yana huci, mutanensa sun toshe ƙofa. Ta ce har ta fara neman taɓarya. Sai ta ji Yaya ya yi gyaran murya.

“Labbo, tsakaninka da Allah, mi ag ga ƙugunka?”

“Mi ya haɗa ƙuguna da hoto?”

“Guru na ko ba guru na ba? Ku dai mahauta an san ku. Kun taho min da layu da kambuna da abin ɓata, kun zamna gaban na'ura, kuma kuna so ta gane ku? Wagga na'ura ta ɗauki alƙali, ta ɗauki soja, ba ta taɓa kasawa ba sai yau. Ni ban taɓa ganin asiri irin naku ba.”

Kulu ta ce sai Labbo ya shafa gashin baki, ya juya ya dubi mutanensa.

“Kun jiya ko? Ina hwaɗa muku kuna gardama. Na tsohona na, tun na kakanmu.”

Nan take faɗa ya koma musu, kowa yana cewa nasa ne ya kashe na'urar. Suka tafi suna murna, a kan za su dawo kasuwa mai zuwa ba tare da kayan aiki ba. Har yau in na tuna sai na yi dariya, kuma har yau ina cewa da Yaya ya yi boko da mun shiga uku.

Amma da wani direban Jega ya kawo min saƙo na zo, ba dariya na tarar ba. Shago a rufe. Yaya yana ɗaka ya juya wa ƙofa baya, an kai masa fura ya ce a ɗauke. Na yi sallama ya amsa da ƙyar, ya ce zai sayar da na'urar ya koma Sabiyal wurin dangin mahaifiyarmu ya yi noman albasa. Mutumin da ko fartanya bai san inda ake riƙewa ba. Na ce bari in duba kwamfutar, ya ce ba abin da ya samu kwamfuta, in fita in ba shi wuri. Kulu ta yafito ni bayan rumbu. Tsakanina da ita kullum wasa ne, ba ta kira na sai da ƙaramin maigida, ba ta bar ni in ci abinci ba ta ce na fi Yayana ci ba. Ranar ba ta yi wasa ba.

“Atto, rantse ba ka hwaɗa ma kowa. Har matarka.”

Na rantse.

“Yayanka ba shi gani. Ya daɗe. Shina ganin mutum kamar inuwa, shina ganin ja, shina ganin hwari, amma rubutu ko da kamar ƙohwa yake ba shi ganinai. Na yi mai dabara munka je asibiti, sunka ce ana iya tsai da shi, ba a iya maido shi. Ɗigon ga da kaka gani, ni na ɗiga su da jan farcena, shi ka kai kibiya ƙarƙashinsu. Ni na sa anka kahe kujera. Jiya da hotuna sunka ɓace, ya ɗauka idon na ya ƙarasa, har jan ma ba shi gani daidai. In ya san ka sani, wallahi ba shi ƙara buɗe shagon ga.”

Tausayi ya kama ni, haushi kuma ya kama ni, don mutumin nan ya gwammace ya mutu a gonar albasa da ƙanensa ya riƙe masa hannu. Na shiga shago na kunna kwamfuta. Akwatin tambaya yana fitowa na ga jan ɗigon hagu zaune daram a kan a zubar. Na fito na tsaya daidai tagar ɗakinsa, na ɗaga murya kamar da Kulu nake, na ce sabuwar firintar nan ce ta haukata na'ura, ta juya mata kai, kowa ya zauna gabanta jiya haka za ta yi masa. Sai ga shi ya fito yana gyara hula.

“Ai na sani. Tun jiya nic ce firinta ta. Wa yac ce ka sawo mai arha?”

Da na koma Maiyama na gaya wa Bulus rabin zancen, na ce yayana bai iya karatu ba, da alama yake aiki. Ya ce wannan ai ba matsala ba ce, a kankare ɗigon a matsar. Na ce yau maɓalli biyu suka juya. Gobe za su ƙara wa rubutu girma, jibi su ƙara wa taga baki, kowane sabon faifai komai ya ɗan gusa. Duk gusawa sai an gaya masa, duk gaya masa kuwa sai ya gane na san sirrinsa. Bulus ya ce to a bar ta yadda take kada a ƙara taɓawa. Na ce firinta za ta sake mutuwa, kyamara za ta tsufa, sababbin kuma ba sa jin yaren tsofaffin kaya. Hanya ɗaya ce. Cikin na'ura ya riƙa tafiya da zamani, fuskarta kuwa ta tsaya cik inda Kulu ta ɗiga jan farce.

“Malam Atto, ka san abin da kake faɗa? Mutane ɗari suna tura mota gaba, kai kaɗai za ka riƙe mata gilashi.”

Na ce na ji.

Na koma Jega da farar leda, na shimfiɗa a gilashin Yaya lokacin da ya tafi masallaci, na kwafe ɗigon nan da biro, na zo na manna a gilashin kwamfutata. Daga nan aikina ya zama biyu. Sabon faifai in ya zo, na makaranta da na direbobin Aliero in ƙunshe musu yadda ya zo, su dai su yi ta ƙorafi su saba. Na Jega kuwa sai in buɗe cikin kayan, in bi rubutun mutanen can layi layi, in nemo inda suka ce dama in mayar hagu, inda suka ƙara faɗi in rage, in harhaɗa, in jira kwamfuta ta gama nishi, in duba ko kowane maɓalli ya faɗa ƙarƙashin ɗigonsa. In ya kauce ko da faɗin tsinke ne, a sake. Wani lokaci wuta ta ɗauke ana dab da gamawa. Wani lokaci in tarar sun rushe wurin da na saba gyarawa gaba ɗaya sun gina wani, in yi ta zagin mutanen da ban san sunansu ba, ina kuma cin arzikinsu. Mahaifiyarku ta taɓa cire ledar ta ƙulla daddawa a ciki, ranar an ji mu har makwabta.

Gyaran farko ya kammala kafin mahauta su dawo, kuma wannan na gani da idona. Sun zo da buhu. A ƙofar shago kowa ya tuɓe, guraye da layu da kambuna da ƙahonni suka taru tsibi guda, aka sa mutum biyu gadi, su ma suna gadin juna. Labbo ya shigo ƙugunsa ya ragu da rabi, wandonsa yana neman faɗuwa. Ya zauna, Yaya ya danna, ya kai kibiya ƙarƙashin ja, ya danna. Ya ce yau ba jiran la'asar, ya buga nan take. Hoto ya fito da gashin baki da komai. Labbo ya daɗe yana kallon kansa.

“Manu, ashe gaskiyarka. Allah shi bar mu da na tsohhi.”

Yaya ko kallona bai yi ba. Ya ce in matsa ina tare masa haske.

Bayan shekara biyu ko uku Bulus ya bar koyarwa ya tafi Abuja, suka buɗe kamfani da abokansa. Ya aiko in zo, akwai gida akwai mota, aikin kuma shi ne dai wanda nake yi a kyauta, kula da ƙunshin kayan nan ga manyan ofisoshi. Ba zan ɓoye muku ba, na so zuwa ƙwarai. Na zauna na auna. Daga Abuja ba zan iya leƙa gilashin Jega ba, kuma gyaran nan ba a yin sa da aike. Babu wanda zan bar wa, don sai na gaya masa dalili. Na ce wa Bulus a'a. Ya sake aikowa, na sake cewa a'a. Mahaifiyarku har ta fara rabar da tsofaffin tukwanenta.

“Malam, mi ka riƙe ka garin ga? Hwaɗa min in ji. Mata ta?”

“Ba mata ba ta.”

“To mi na na? Ɗiyan Bulus na can suna makarantar da ad da hwanka, naka na nan suna korar awaki daga aji.”

Na ce ni dai ban son hayaniya. Ta yi wata ba ta yi min magana sai ta bakinku, kuma ba ta yi laifi ba. Abin da kuka rasa na sani, ina lissafa shi har yau, kuma ya fi yi min ciwo fiye da abin da ni na rasa. Amma mutumin nan ya sayar da rigarsa ta sallah ya kai ni makaranta, ba zan bari a ja shi da sanda daga shagonsa yana ji yana gani ba.

Yaya ya ci gaba da aiki shekaru masu yawa. An sake firinta ban san sau nawa ba, an sake kyamara, har cikin kwamfutar na sake gaba ɗaya na mayar a tsohon akwatinta, gilashin kawai ban taɓa ba. Bai ƙara zubar da ko mutum guda ba. Bai bar shago don an gane shi ba, ya bari ne ran da ya ga dama, ya ce ya gaji da fuskokin mutanen Jega, kullum su ne. Ya sa aka yi walima zai miƙa wa babban ɗansa, aka shimfiɗa tabarmi har titi, mahautan Aliero suka kawo rago. Bayan an ci an sha ya miƙe da babbar rigarsa, ya dafa kwamfutar da aka fito da ita aka ɗora a tebur.

“Jama'a, na'urar ga tun da na haɗa ta ba ta taɓa canza min hali ba. Na wasu yau ta lalace, gobe ta juye, tau kuwa inda na aje abu nan nika ishe shi. Hannu na. Abin hannu na.”

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai ya juya wajen da ya ji muryata, ya nuna ɗan gefe da inda nake zaune, na yi sauri na gusa na shiga gaban yatsan.

“Ga ƙanena nan Atto. Na kai shi boko har ya ƙare. Shekara da shekaru shina tahowa daga Maiyama shina zama bayana shina kallo. Ku tambaye shi, har yau ya iya?”

Aka fashe da dariya, Labbo har da buga ƙafa. Ta labulen zaure na hango Kulu ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ni dai ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na wannan lokacin ba. Na sunkuyar da kai yadda ƙane ke yi.

“Ban iya ba tukuna, Yaya. Ana dai koyo.”

“To ka dage,” in ji shi, ya zauna.